Amsa ga manomin da ya yi tambaya a kan waken da tsutsa ba ta ci

Tambaya: Ni malamin makaranta ne, ina kuma noman wake da gero a gonar gado. Bana wani dillalin iri ya kawo mana waken da ake kira SAMPEA 20-T, ya ce tsutsa ba ta cinsa, kuma feshi biyu ya ishe shi. Sai dai saƙonni suna ta yawo a WhatsApp cewa irin GMO ne, yana jawo cutar daji da rashin haihuwa, yana kashe ƙasa, kuma idan aka ajiye shi ba ya tsirowa a damina ta biyu. Ina da ɗa mai sikila, na kuma ji an ce da irin wannan ilimin aka samo maganinta a Turai. Ta yaya abu ɗaya zai zama guba a gona, ya zama magani a asibiti? In shuka ko in bari?

Amsa: Malam, Allah Ya ba yaronka lafiya, Ya kuma sa albarka a gonarka. Na daɗe ina aikin inganta irin shuka, kuma abin da zan fara faɗa maka shi ne, waken da ka ambata ana iya shuka shi, ana iya cinsa, ana iya ba dabbobi harawarsa, kuma idan ka ajiye shi zai tsiro. Amma ba na so ka karɓi wannan magana don kawai wani ya faɗa, domin haka aka karɓi saƙonnin da suka tayar maka da hankali. Kalmar GMO, wadda ake kiran duk abin da aka sauya wa ƙwayoyin halitta da ita, ita kanta ce tushen rikicin, saboda ba sunan abu ɗaya ba ce, suna ne na hanyar aiki. Kamar a ce ƙira: da ita ake yin fartanya, da ita ake yin takobi, kuma ba wanda zai yanke hukunci a kan maƙeri sai ya ga abin da ya ƙera. Duk lokacin da aka kawo maka iri aka ce an sauya masa ƙwayoyin halitta, tambayoyin da suka dace su ne: me aka saka a cikinsa, daga ina aka ɗauko shi, wace matsala ake so ya magance, kuma a hannun wa irin yake.

Kowane abu mai rai, mutum ne ko akuya ko wake, yana ɗauke da wani dogon rubutu a cikin ƙwayoyin jikinsa, wanda ake kira DNA. Haruffa huɗu kacal ake rubuta shi da su, kuma kowane yanki na rubutun da ke ba da umarnin ƙera wani sinadari shi ake kira ƙwayar gado. Ɗan Adam yana da irin waɗannan wajen 20,000, wake kuwa yana da kusan 30,000. Su ne suke sa wani wake ya fito fari mai baƙin ido, wani ja, wani ya nuna da wuri, wani ya yi yaɗo. Kakanninmu da suke ware zangarniya mafi kyau su rataye a rumbu don shuka ta baɗi, gadon shuka suke sarrafawa, ko da ba su san sunan abin ba. Masu bincike kuma sun daɗe suna haɗa aure tsakanin wake da wake don su tara halaye masu kyau a iri ɗaya. Abin da sabuwar fasaha ta ƙara shi ne ikon ɗauko ƙwayar gado guda daga wata halitta dabam, wadda aure ba zai taɓa haɗa ta da wake ba, a dasa ta a cikinsa.

Ka fi ni sanin ɓarnar tsutsar da ake magana a kanta. Wani ƙaramin malam-buɗe-littafi na dare ne, masana suna kiransa Maruca vitrata, yake saka ƙwai a kan tohon wake da furensa. Tsutsar da ta ƙyanƙyashe sai ta shige cikin fure ko kwanso, ta yi saƙa kamar ta gizo-gizo, ta ci daga ciki, inda maganin feshi ba ya kai mata da sauƙi. A shekarar da ta yi yawa tana iya cinye har kashi 80 cikin 100 na amfanin gona, shi ya sa manomi yake feshi sau shida zuwa takwas a damina ɗaya. Cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa mai suna IITA, wadda ke da babban ofishi a Ibadan da reshe a Kano, ta bincika nau'o'in wake fiye da 15,000 da take ajiye da su, ba ta samu wanda yake da isasshiyar juriya ga wannan tsutsa ba. Da an samu, da aure kawai aka haɗa, maganar GMO ba za ta taso ba.

Daga nan aka juya ga wata bakteriya ta cikin ƙasa mai suna Bacillus thuringiensis, wadda ake taƙaitawa Bt. Wani masani ɗan Japan ne ya fara gano ta a 1901 tana kashe tsutsar siliki, kuma tun 1938 ake sayar da ita a Faransa a matsayin maganin feshi. Har yau manoman Turai da suka haramta wa kansu takin zamani da magungunan ƙwari na kamfani suna fesa ta a kan kayan lambu. Wannan bakteriya tana ƙera wani furotin, kuma ƙwayar gadon da ke ba da umarnin ƙera shi, mai suna cry1Ab, ita aka dasa a cikin wake. An yi dashen a cibiyar bincike ta CSIRO da ke Ostireliya, kamfanin Monsanto ne ya bayar da ƙwayar gadon ta hannun gidauniyar AATF da ke Nairobi ba tare da sharaɗin biyan kuɗin mallaka ba, sannan Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta ɗauki sauran aikin a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku. An fara gwaji a killataccen fili a 2009. Masu binciken Samaru suka yi ta maimaita aure tsakanin waken da aka dasa wa ƙwayar da wani iri da manoma suka riga suka sani, wato SAMPEA 10 mai jure wa wuta-wuta, har aka samu wanda kusan duk halayensa na SAMPEA 10 ne, sai dai kariyar tsutsa da aka ƙara masa. Hukumar NBMA, wadda dokar 2015 ta kafa don sa ido a kan irin waɗannan ayyuka, ta amince da shi a watan Janairun 2019, aka yi masa rajista a watan Disambar shekarar, aka ƙaddamar da shi ga manoma a Kano a 2021. Ƙasar Ghana ita ma ta fitar da nata mai suna Songotra-T a 2024. Ya kamata in ƙara cewa akwai ƙwayar gado ta biyu a cikinsa mai suna nptII, wadda ake sakawa a matsayin alama don a gane tsiron da dashen ya kama a ɗakin gwaji. Ita ma daga bakteriya take, an daɗe ana amfani da ita, kuma irinta tana nan birjik a bakteriyar ƙasa da ta hanjin mutane tun kafin a yi wannan wake.

Tambayar da kowane mai hankali zai yi ita ce: abin da ya kashe tsutsa, me zai hana ya cutar da mutum? Amsar tana cikin bambancin cikin tsutsa da namu. Furotin na Bt ba ya aiki sai ya samu a bangon hanji wasu maƙalai na musamman da zai kama, kamar yadda mabuɗi ba ya buɗe kwaɗon da ba nasa ba. Hanjin tsutsar malam-buɗe-littafi yana da waɗannan maƙalai, ruwan cikinsa kuma mai kanwa-kanwa ne, don haka furotin ɗin yana kamawa ya huda hanjin, tsutsar ta daina ci ta mutu. Cikin mutum da na akuya da na kaza ba su da waɗannan maƙalai, kuma ruwan tumbinmu mai tsami yana narkar da furotin ɗin kamar yadda yake narkar da na ƙwai ko nama. Ko sauran ƙwari ma ba duka yake kashewa ba, shi ya sa ƙudan zuma ba su cikin haɗari, shi ya sa kuma darɓa take ci gaba da cin waken. Game da tsoron cewa ƙwayar gadon za ta shiga jinin mutum ta sauya shi, ka tuna cewa duk loma ɗaya ta tuwo ko ƙosai cike take da DNA na dawa da na wake, kuma ba wanda ya taɓa ɗaukar halin dawa saboda ya ci tuwonta.

Wannan bayani na hankali ne, amma akwai kuma shaidar shekaru. Tun 1996 ake noman masarar Bt a Amurka, Afirka ta Kudu ma ta fara tun ƙarshen shekarun 1990, kuma a can farar masara ita ce abincin yau da kullum na talakawa, kamar tuwo a wurinmu. A 2016 majalisar manyan masana kimiyya ta Amurka ta fitar da rahoto bayan nazarin bincike kusan 900, ta kuma kwatanta yanayin cututtuka irin su daji da ciwon ƙoda a Amurka da Kanada, inda ake cin waɗannan amfanin gona sosai, da na Birtaniya da yammacin Turai, inda ba a cika cinsu ba, ba ta ga bambancin da za a jingina ga abincin ba. Hotunan ɓeraye masu manyan ƙari a jiki da ake turawa a waya sun fito ne daga wani bincike da Gilles-Éric Séralini ya wallafa a 2012. Mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2013, saboda ɓerayen da aka yi amfani da su kaɗan ne, goma a kowane rukuni, kuma nau'i ne da aka sani yana yin ƙari da kansa idan ya tsufa, ko me ya ci. Wata mujalla ta sake buga shi a 2014, amma manyan gwaje-gwajen ciyar da ɓeraye da Tarayyar Turai da Faransa suka ɗauki nauyinsu daga baya ba su tabbatar da abin da ya faɗa ba. Masarar da ya gwada ma mai jure maganin ciyawa ce, aikinta dabam da na wakenka.

Maganar rashin haihuwa kuwa ba ni da wata hujja ta kimiyya da ta nuna furotin na Bt yana taɓa haihuwar mutum ko dabba, kuma ƙasashen da suka shekara kusan talatin suna ciyar da shanu da kaji da shi, da sun ga raguwar haihuwa a garkensu da su ne farkon masu yin watsi da shi, domin asarar tasu ce. Sai dai ba na raina wanda ya ji wannan tsoro. Mutanen Kano ba su manta 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya gudanar da gwajin maganin Trovan da ya ƙunshi yara wajen 200 ana tsakiyar annobar sanƙarau, yara 11 suka rasu, aka yi ta shari'a a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, har aka yi sulhu a 2009. Wannan tabo yana cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, kuma yaran da suka shanye a sanadin ƙauracewar su ne suka biya kuɗin rashin amanar. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma nauyi ne a kan masu bincike da hukuma su fito da takardun gwaji a fili, su yi bayani da harshen da manomi yake ji, ba su tsaya a kan cewa a yarda da su kawai ba.

Batun kashe ƙasa ba shi da tushe, domin bakteriyar da aka ɗauko ƙwayar daga gare ta 'yar ƙasa ce, furotin ɗin yana ruɓewa tare da ganye, kuma wannan wake yana yin ƙululun saiwa da ke ƙara wa ƙasa ƙarfi kamar kowane wake. Batun rashin tsirowa kuwa yana da asali, amma an juya shi. A 1998 wani kamfanin auduga na Amurka tare da ma'aikatar noman ƙasar sun yi rajistar wata dabara da za ta sa 'ya'yan shuka su ƙi tsirowa. Duniya ta yi caa a kansu, ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kare nau'o'in halittu suka dakatar da ita a 2000, kuma ba a taɓa sayar da irin da ke ɗauke da ita ba. Wake shuka ce da furenta yake yi wa kansa barbara, don haka abin da ka girbe zai fito da halin uwarsa, har da kariyar tsutsa. Ana ba da shawarar sabunta iri bayan 'yan shekaru ne saboda gauraya da wasu nau'o'i a masussuka da rumbu. Inda mutane suke rikicewa shi ne masara. Masarar TELA da aka amince da ita a watan Janairun 2024, wato SAMMAZ 72T zuwa 75T, iri ne mai aure, kuma duk masara mai aure, ko an sauya mata ƙwayoyin halitta ko ba a sauya ba, idan ka sake shuka 'ya'yanta za su tsiro amma yabanya ba za ta yi kyau kamar ta farko ba.

Yanzu bari in zo ga abubuwan da ni kaina nake damuwa da su, waɗanda saƙonnin WhatsApp ba su cika ambata ba. Mafi girma shi ne tsutsar tana iya sabawa. A cikin miliyoyin tsutsotsi ba a rasa 'yan kaɗan da furotin ɗin ba ya kashewa, kuma idan kowace gona a yanki ta zama ta waken Bt, su kaɗai za su rayu su hayayyafa, bayan wasu shekaru kariyar ta zama tarihi. Wannan ya faru a Afirka ta Kudu, inda aka ba da rahoto a 2007 cewa tsutsar karan masara ta daina jin wannan furotin na cry1Ab, ya kuma faru a Indiya da jar tsutsar auduga. Maganinsa shi ne a bar wa tsutsa mafaka, wato a riƙa samun wake na gargajiya a kusa, domin tsutsotsin da ba su saba ba su ci gaba da yawa su riƙa barbara da waɗanda suka saba. A ƙasarmu akwai tsirrai na daji dangin wake da wannan tsutsa take rayuwa a kansu, wannan yana taimakawa, amma bai ɗauke wa hukuma nauyin bibiya a gonaki kowace shekara ba, bai kuma ɗauke wa masu bincike nauyin ƙara ƙwayar kariya ta biyu mai aiki ta wata hanya dabam ba.

Darasin Burkina Faso shi ma ya cancanci a tsaya a kansa, domin masu goyon baya ba su son ambatonsa, masu adawa kuma suna faɗarsa ba daidai ba. Ƙasar ta fara noman audugar Bt a 2008, feshi ya ragu ƙwarai, manoma da yawa sun ji daɗinta. Amma audugar Burkina ta yi suna a kasuwar duniya ne saboda tsawon zarenta, kuma da aka shigar da ƙwayar Bt daga wani iri na Amurka, ba a maimaita auren da irin gida yadda ya isa ba, sai zaren ya gajarce, daraja ta faɗi. A 2016 kamfanonin audugar ƙasar suka yi watsi da ita, suka nemi diyyar sama da sefa biliyan 48 daga Monsanto. Ba wanda ya yi rashin lafiya, ƙasa ba ta mutu ba, abin da ya faru gaggawa ce da sakaci a aikin inganta iri, kuma ya nuna cewa ƙwayar gado mai kyau ba ta isa ba idan irin da aka saka ta a ciki bai dace da buƙatar manomi da kasuwa ba. Saboda haka kai ma ka duba ko girman ƙwayar SAMPEA 20-T da launinsa su ne masu saye a kasuwarku suke so, domin a Dawanau farashin wake yana bin girma da fari.

Sannan akwai maganar mallaka. Wannan wake na cibiyar gwamnati ne, ba a biyan kuɗin mallaka a kansa, amma ba haka kowane iri yake ba, kuma ba tabbas haka waɗanda za su zo nan gaba za su kasance. Nijeriya ta yi dokar kare haƙƙin masu ƙirƙiro nau'in shuka a 2021, kuma ya dace ƙungiyoyin manoma su sa ido sosai a kan yadda za a aiwatar da ita, don kada haƙƙin ƙaramin manomi na ajiye iri da musayarsa da maƙwabci ya salwanta. Haka kuma duk wanda ba ya son cin wannan wake, saboda kowane dalili, yana da haƙƙin ya san abin da yake saye, alhali a kasuwar da ake awo da mudu da tiya babu takardar da za a manna. Da Majalisar Wakilai ta nemi a binciki shigo da irin GMO a watan Mayun 2024, waɗannan su ne batutuwan da na so a fi ba ƙarfi: ingancin sa ido, kuɗin da hukumomi suke da shi na gwaji mai zaman kansa, da hana jabun iri. Ina kuma roƙonka kada ka yar da irin da ka gada, domin nau'o'in gida su ne taskar da duk mai bincike yake komawa gare ta.

Game da addini, hukunci na malamai ne, ni ba na ba da fatawa. Abin da nake iya yi shi ne in kawo musu hoton abin yadda yake, tunda su da kansu suna cewa hukunci a kan abu yana biyo bayan fahimtarsa. A waken nan babu komai na alade ko na mutum, ba a kuma ƙirƙiri rai ba, an ɗauko wani yanki ne daga wata halittar Allah da ke cikin ƙasa aka sa a wata. A 2015 masu bincike a Beljiyam da Peru sun gano cewa dankalin Hausa da muke ci yana ɗauke da ƙwayoyin gado na wata bakteriya da suka shige shi tun dubban shekaru ba da hannun kowa ba, kuma dangin wannan bakteriya ce masana suke amfani da ita wajen dashen.

Idan ka yanke shawarar gwadawa, ka sayi irin a buhu rufaffe mai ɗauke da shaidar hukumar kula da ingancin iri ta ƙasa, kada ka karɓi na awo a bakin kasuwa, domin da ido ba a bambanta shi da sauran farin wake. Ka ware kashi ɗaya na gonar ka shuka shi, ka shuka naka na gida a gefensa, ka rubuta ranar shuka da yawan feshi da kuɗin da ka kashe da mudun da ka samu a kowane ɓangare. Yana nuna cikin kwana 70 zuwa 75, don haka ka daidaita shukar yadda girbi ba zai faɗo tsakiyar ruwa ba. Feshi biyun nan kada ka bar su, saboda darɓa da ƙananan ƙwarin fure da masu tsotse kwanso ba ruwansu da Bt. Ƙwaron da ke huda wake a rumbu shi ma ba ruwansa da shi, kuma a nan ne haɗarin gaske ga lafiyar iyali yake: zuba fiya-fiya a cikin wake shi ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu a 2015. Buhun PICS mai ruɓi uku, wanda yake shaƙe ƙwaron ba tare da magani ba, ya fi maka alheri nesa ba kusa ba.

Saura tambayarka ta asibiti. Ilimin ɗaya ne, kuma mun daɗe muna amfana da shi ba tare da an yi surutu ba. Kafin 1982 insulin da masu ciwon suga suke allura da shi daga cikin shanu da aladu ake tatso shi. Daga wannan shekara aka fara samar da shi ta hanyar dasa ƙwayar gadon insulin ta mutum a cikin bakteriya, daga baya har da yis, kuma kusan duk wanda ake sayarwa yau haka ake yinsa. Rigakafin ciwon hanta nau'in B da ake yi wa jarirai, da rigakafin zazzaɓin cizon sauro na R21 da aka fara bayarwa a jihohin Kebbi da Bayelsa a watan Disambar 2024, dukansu da yis da aka sauya wa ƙwayoyin halitta ake haɗa su.

Sikila kuwa harafi ɗaya ne tak ya sauya a cikin rubutun da ke ba da umarnin ƙera himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iska a jini, sai ƙwayoyin jini su riƙa lanƙwashewa kamar lauje suna toshe ƙananan jijiyoyi. An kiyasta cewa ana haihuwar jarirai wajen 150,000 da ita a Nijeriya kowace shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya. Maganin da ka ji labarinsa sunansa Casgevy, Birtaniya ta amince da shi a watan Nuwamban 2023, Amurka ta biyo baya a Disamba. Yana amfani da dabarar CRISPR, wadda ta sa Emmanuelle Charpentier da Jennifer Doudna suka samu kyautar Nobel a 2020, kuma ita ba dashe take yi ba, gyara take yi a cikin rubutun da mutum yake da shi. Jariri a ciki yana da wani nau'in himogulobin da ba ya lanƙwashewa, wanda jiki yake daina ƙerawa 'yan watanni bayan haihuwa. Likitoci suna ciro ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin majiyyaci, su lalata makunnin da ya kashe himogulobin na jarirai, su mayar masa da su. Mafi yawan waɗanda aka yi wa a gwaji sun daina samun tashin ciwon.

Ba zan ɓoye maka nauyin abin ba. Farashin da aka sa masa a Amurka a 2023 dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya, an fara amincewa da shi ne ga masu shekara 12 zuwa sama, ana kwana makonni a asibiti na musamman, kuma kafin a mayar da ƙwayoyin sai an ba majiyyaci magani mai ƙarfi irin na masu cutar daji don a share ɓargonsa, wanda shi kan iya hana haihuwa. Gyaran kuma bai shafi abin da zai gadar wa 'ya'yansa ba. Yana yi mini ciwo cewa ƙasar da ta fi kowa yawan masu cutar ita ce ta fi nisa da maganin, kuma wannan dalili ne na mu horar da namu masana a wannan fanni. Amma akwai abin da yake hannunka tun yanzu. Ka riƙa kai yaron asibitin masu sikila a kai a kai, ba sai ciwo ya tashi ba, ka tambayi likitansa game da maganin hydroxyurea, wanda shi ma himogulobin na jarirai yake ƙarawa, kuma binciken da aka yi a asibitocin Kano ya nuna yana rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki ga yara masu cutar. Ka nemi a yi masa gwajin gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa idan yana tsakanin shekara 2 zuwa 16, ka tsare shi daga sauro, ya riƙa shan ruwa sosai. 'Yan'uwansa kuma a yi wa kowannensu gwajin jini tun suna ƙanana su san matsayinsu, domin idan mai AS ya auri mai AS, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai SS, kuma jihar Kano ta riga ta mayar da wannan gwaji wajibi kafin ɗaurin aure tun 2024.